Darasi na Tara: Zaga Birnin Shehu a Ƙafa, Daga Tandar Masa Zuwa Tukubar Tsire

Mutumin Lambara da ya yi sammako zai iso Sakkwato tun hantsi bai dubi ludayi ba. Mota za ta ɗauko shi daga ƙasar Shagari ta yi arewa da shi, ta ratsa Boɗinga inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, ga Sifawa nan kusa, garin da Shehu Usmanu ya yi shekaru yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Wannan hanya kowa a yankin ya san ta. Birnin da take kaiwa ne da yawa ba su sani ba. Mutum zai sauka a tasha, ya haye kabu-kabu, ya biya buƙatarsa a asibiti ko banki ko kasuwa, ya juya gida kafin la'asar. Ya je Sakkwato ya fi sau hamsin, amma in an tambaye shi inda ake jan alewa, ko lungun da ke ƙamshin man ƙuli, sai ya rasa ta cewa.

Darasin yau zai sauko da shi daga kan babur. Zai taka da ƙafarsa daga safe har magariba, kuma abin da zai yi masa jagora shi ne 'yan ƙananan abubuwan ci na bakin hanya, kayan ƙwalama da na maƙulashe waɗanda manya kan ce na yara ne, alhali kowanne yana ɗauke da labarin wata gona, ko wata fadama, ko wata mata da ta tashi tun asuba. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. Sau da yawa kuwa babu ɗan garin da ya kai mai kasko a bakin zaure sanin unguwa.

Wasu ƙasashe sun mayar da irin wannan yawo sana'a. A Japan har suna ya samu, suna ce masa tabe-aruki, wato ci da zagawa. A birnin Kiyoto akwai kasuwar Nishiki, wani siririn layi ne rufaffe da bai cika mita 400 ba, amma shagunan da ke cikinsa sun haura 100, baƙi kuma daga ko'ina a duniya suna zuwa don su ɗanɗana wannan su ɗanɗana wancan. A garin Kawagoye, kusa da Tokiyo, akwai lungun masu alewa da ake kira Kashiya Yokoco. Bayan girgizar ƙasar 1923 ta rusa Tokiyo, wannan lungu ne ya riƙa wadata jama'a da alewa, har shagunansa suka haura 70. Yau kimanin 20 suka rage, amma mutanen garin sun riƙe su da kyau, domin sun gane cewa saboda su ne baƙo yake saukowa daga jirgin ƙasa. Abin da zai burge Bahaushe shi ne ladabin cin nasu ya yi kama da nasa. 'Yan kasuwar Nishiki suna roƙon mai saye ya tsaya gaban shago ya cinye, kada ya tafi yana tauna, kuma a 2019 hukumar garin Kamakura ta kafa ƙa'idar da ke roƙon baƙi su daina ci a tafe cikin cunkoso. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya taɓa jin tsawar kakarsa a kan haka: a zauna, a wanke hannu, a yi bisimilla.

Da safe: gero da wake

Farkon abin da zai tari baƙo a lungunan tsohon gari shi ne hayaƙin itace da ƙamshin mai. Wata dattijuwa na zaune kan kujera 'yar tsugunne, gabanta tanda mai gurabu, gefenta roba cike da ƙullun da ya kwana ya tashi. Takan ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta kai gurbin ƙarshe na farko ya yi, sai ta sa cokali ta juya shi, gefen da ya sha wuta ya fito ja. Hannunta ba ya tsayawa, idonta kuma yana kan yaran da suka yi layi da kwanoni.

"Inna, ina kwana? Nawa-nawa na?"

"Lahiya lau, ɗana. Ta gero kaka so ko ta shinkahwa?"

Abin da Kanawa ke kira waina, a nan masa ce. Tsamin da ake ji a cikinta daga kwanan ƙullu yake. Cikin dare wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna cin zaƙin garin suna fitar da iska, ita ce ke sa ƙullun ya kumbura, masar ta yi ƙofofi a ciki. Mutanen Osaka a Japan suna da kaskon ƙarfe mai gurabu kamar wannan, suna soya ƙullun alkama da 'yan gutsattsarin naman wata halittar teku mai hannuwa takwas, kuma masu yawon buɗe ido kan yi dogon layi a kansa.

Kusa da mai masa ba a rasa mai ƙosai. Sirrin ƙosai yana wajen bugu: a surfa wake a cire ƙowa, a markaɗa da albasa da tarugu, sannan a buga ƙullun har ya yi sauƙi ya ɗauki iska. Wanda bai bugu ba yakan nutse ya sha mai, wanda ya bugu kuwa yana faɗawa kasko zai taso. Wannan abinci ya yi tafiya mai nisa. Yarabawa na ce masa akara, kuma bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun tafi da shi Barazil, inda har yau matan jihar Bahiya ke soya shi da manja a bakin titi suna kiransa akaraje.

Kanwuri da Hubbare

Daga nan sai a nufi Kanwuri, wajen fadar Sarkin Musulmi. Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, waɗanda sunayensu suka zama sunayen unguwanni: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, Ƙofar Kade da sauransu. Mai tafiya a ƙafa zai wuce Masallacin Bello da Masallacin Shehu, ya isa Hubbare, inda aka rufe Shehu bayan rasuwarsa a 1817.

A nan ya kamata ɗalibin ajin manya ya ɗan dakata, musamman mace. A wannan gida aka rufe Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta tsara 'yan taru, ƙungiyoyin matan ƙauye masu neman ilmi. Kowace ƙungiya tana da shugaba da ake kira jaji, wadda Nana kan naɗa da malfa da jan rawani. Matan sukan tako da ƙafa daga ƙauyukansu zuwa wurinta, ɗauke da abin da suka samu na zuma da man shanu da hatsi, su karɓi karatu su koma su koya wa 'yan uwansu. Matar da ta bar dakanta yau ta zo ajin yaƙi da jahilci a Lambara ko Boɗinga, sawunsu take bi. Kuma kayan da suka riƙa ɗaukowa a kai, su ne dai ake haɗa nakiya da alkaki da su har gobe.

Gyaɗa, uwar kayan ƙwalama

In aka ce a cire gyaɗa daga tallan Sakkwato, rabin farantan za su koma gida wayam. Sakkwatawa gujjiya suke ce mata, kuma ba 'yar asalin nan ba ce. Daga Amurka ta Kudu ta fito, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka, ta bi hannun manoma har ta iso ƙasar Hausa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 ta zama babbar hajar Arewa.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, kuma a kan wannan sana'ar ƙuli-ƙuli ta ginu. Akan soya gyaɗar sama-sama, a murje ɓawon, a kai inji. Sai mace ta zuba niƙaƙƙen a turmi ko babbar tukunya, tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa da muciya, tana yi tana yi har man ya fara tsattsafowa ya kwanta a sama. Aiki ne mai cin ƙarfi, kafaɗa da baya duk suna ji. In ta kwashe man, abin da ya rage shi ne tunkuza. Ita za ta mulmula, ta yi mai zobe ko mai tsawo ko mai faɗi, ta soya a cikin man da ta fitar. Ga mai na sayarwa, ga ƙuli, wanda a wannan yanki ake kuma kira ƙarago, babu abin da aka zubar.

Ƙulin nan kuma shi ne ke ɗaure sauran abinci. A daka shi a haɗa da zogale ko rama ko tafasa, a sa albasa da ɗan mai, ya zama datu, abin da wasu ke kira kwaɗo. A gutsuttsura hoce, wainar dawa mai ɗan tsami da ake gasawa ba tare da an tsoma ta a mai ba, a barbaɗa mata garin ƙuli da yaji, ta riƙe cikin manomi ko matafiyi yini guda. Mai tsire da mai kilishi su ma ba su da sana'a in babu mai ƙuli.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba a kan gyaɗa. Wadda aka adana da danshi takan yi fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da wata guba da ake kira afulatoksin, mai lalata hanta a hankali, mai kuma hana yara girma. Suya ba ta kashe ta. Ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko take ɗaci a baki, tsince ta ake yi a zubar. Kuskure ne babba a ware ta a ce ita za a kai inji don ƙuli saboda ta fi araha.

Inda ake jan alewa

Wanda bai taɓa ganin ana jan alewa ba, ya nemi gani. Mai alewa zai dafa sukari da ruwa da ɗan tsami, na tsamiya ko na lemo, har ya yi kauri ya koma ruwan zuma. Yakan ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ya taɓa da yatsa, in ya daskare to ya yi. Sai ya juye ya bari ya sha iska daidai yadda hannu zai iya ɗauka, ya rataya curin a wani ƙarfe da aka kafa a jikin itace. Daga nan sai ja: ya jawo ta ta yi tsawo, ya ninka ya mayar kan ƙarfen, ya sake jawowa. A gaban idon mai kallo abin da yake ja-ja zai fara haske, ya koma fari sol. Ba wani abu aka zuba ba, iska ce ke shiga tsakanin zaren sukarin a kowane ninki. In ya so ado sai ya ware wani yanki ya sa masa launi, ya murɗa su tare. Dole ya yi sauri, don in ta huce a hannunsa ba ta sake miƙewa. Sunanta ma baƙo ne, daga kalmar Larabci halwa, abin zaƙi.

Kafin sukarin kanti ya yawaita, zaƙin ƙasar nan daga zuma yake, da maɗin ɗinya, da rake. Fadamun Kware har yanzu suna cika kasuwannin birni da rake lokacin sanyi, ruwan rake kuma shi ake dafawa ya daskare ya zama mazarƙwaila. Noman raken ya daɗe a nan. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo ƙasar Sakkwato a 1853, ya kuma rubuta cewa tsakanin Wurno da Sakkwato ya ga gonar rake ta wani Bafulatani da ya yi shekaru yana bauta a Barazil, ya dawo gida yana sarrafa sukari. Ƙosai ya haye teku ya tafi, sanin dafa sukari ya hayo ya dawo, duk a kan wuyan mutanen da aka raba da gidajensu.

Nakiya da alkaki ba kullum ake samunsu a faranti ba, don su kayan gara ne da suna. Nakiya shinkafa ce da aka jiƙa aka daka aka soya garin, aka haɗa da zuma ko sukari da man shanu da citta da kanumfari da masoro, aka kirɓa a turmi. In ta yi kyau takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa uwa ke cika wa 'yarta kwalla da ita. Japanawa ma suna kirɓa dafaffiyar shinkafa a turmi su yi wani abu mai danƙo da suke kira moci, musamman a bikin sabuwar shekara. Alkaki kuwa tsakin alkama ne da ake kwaɓawa a bari ya yi tsami, a murɗa, a soya, a tsoma a zuma ko dafaffen sukari. Sai ƙananan da yara suka fi sani: dakuwar aya, gullisuwa ta madara, tsami-gaye na garin 'ya'yan kuka, da kantun riɗi. Riɗin nan da ake yi wa kallon abin wasa yana cikin manyan kayan gona da Nijeriya ke fitarwa waje, Japan kuma tana cikin manyan masu sayensa.

Zafin rana da sanyin yamma

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, don haka wannan yawo ya fi daɗi da hunturu. Ko da wane lokaci ne dai, in rana ta take sai a nemi inuwa da hura. Bafulatana za ta sauke ƙwarya, ta ɗaga faifai, ta jefa dawo a ƙoƙo, ta zuba nono ta dama da ludayi. Gero daga tudu, nono daga ruga: tsohuwar cuɗanyar manomi da makiyayi ke nan a cikin ƙoƙo ɗaya, kuma duk abin da ya taɓa zaman lafiyarsu sai an gan shi a farashin hura.

A gefen kasuwa akwai masu tallan 'ya'yan itatuwan daji, kowanne da lokacinsa: magarya, kurna, aduwa, kanya, goruba. Akwai kuma muruci, tsiron ƙwallon giginya da ake binnewa a ƙasa, a tone a dafa. Sunan wannan itace yana da nauyi a birnin, domin a filin Giginya ne mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru suka tari sojojin Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Mai son ƙarin bayani ya shiga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ya ga takardu da kayan yaƙin wancan zamani.

Da la'asar sakaliya mahauta ke karɓar gari. Mai kilishi tun safe ya yanyana jan nama marar kitse ya yi shi falle-falle, ya shanya a rana. Da ya bushe ya tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji da albasa da kayan ƙamshi, ya sake shanyawa, sannan ya nuna masa wuta kaɗan. Rashin ruwa a jikinsa ne ke sa ya yi watanni, har a kai shi tsaraba Legas ko Makka. Mai tsire kuma ya jera tsinkayensa kewaye da tukuba, yana juyawa yana yayyafa mai, hayaƙi na kiran mutane daga nesa.

Abin da ido zai lura da shi

Mai ci a hanya sai ya yi wa cikinsa gata. Ya duba ko an rufe farantin daga ƙura da ƙuda, ko man suyar ya yi baƙi don yawan maimaici, ko da wane ruwa aka dama hurar, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa. Abin da aka kwashe daga wuta yanzu ya fi wanda ya yini a buɗe aminci. Tsohuwar jarida ba mazubin abinci ba ce, don tawadarta na narkewa a mai. Mai ciwon sukari ya yi hattara da alewa da alkaki, yara kuma a sa su wanke baki. Mai sana'ar da ta iya karatu tana da wata riba: dokar Nijeriya ta wajabta sa sinadarin bitamin A a sukari da man girki da fulawa na kamfani, ana kuma buga alamar ido a jikin buhu ko galan, sai ta duba kafin ta saya, ta duba har da ranar da kayan za su lalace.

Akwai abu na ƙarshe da mai tafiya a ƙafa ba zai kasa gani ba. Yawancin waɗannan kayan mata ne ke yin su a cikin gida, masu kai su titi kuwa 'yan mata ne ƙanana, da yawansu a daidai lokacin da sa'o'insu ke aji. Uwar ba mugunta take yi ba, da ribar take sayen sabulu da magani, take tara kayan ɗakin yarinyar. Amma yarinyar da ta yini da faranti a kai ita ce gobe za ta zo ajin manya tana neman abin da ya wuce ta. Akwai matan da suka samo mafita: suna ƙulla ƙuli da alewa a leda mai tsabta su sara wa masu shago da masu tebur a tasha, ko su tsayar da talla sai bayan an tashi makaranta, ko su karɓi oda ta waya lokacin biki. Kowace daga cikin dabarun nan tana buƙatar mace ta iya rubuta sunan wanda ya karɓi kaya, da adadin da ya karɓa, da ranar biya.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zagaya garinsu a ƙafa ranar kasuwa, ya rubuta sunayen kayan ƙwalama biyar da ya gani, da abin da ake yin kowanne da shi, ya kuma nuna wanda ake nomawa a ƙasar Shagari ko Boɗinga da wanda ake kawowa daga nesa.

A ce mai ƙuli ta sayi gyaɗa ta naira 6,000, ta biya niƙa 500, itace 700. Ta sayar da mai na 5,200, ƙuli na 3,800. Ɗalibi ya fitar da abin da ta kashe, da abin da ta samu, da ribarta. Sannan a tattauna a aji: awa nawa aikin ya ci mata, kuma nawa ya kamata ta sa wa wahalarta?

A tambayi wata dattijuwa a gida wane abin zaƙi ne ake yi lokacin ƙuruciyarta wanda yanzu ya ɓace ko ya yi wuyar samu. A rubuta yadda ake yin sa da kalmominta, a kawo aji mako mai zuwa a karanta wa juna.